Kwana goma a Kenya da kamfanin kai ɗalibai ziyarar karatu: abin da na samu da abin da ban samu ba

Mutum bakwai ne suka tare ni da tambaya ɗaya tun da na dawo daga Kenya: kamfanin nan da ke kai ɗalibai ziyarar karatu kan sauyin yanayi da aikin agaji, ya cancanci kuɗin da yake karɓa? Biyu daga cikinsu iyaye ne, wata ma har gidan Kawu ta biyo ni a Harobanda bayan la'asar, da ɗiyarta a gefe. Amsa a tsaye bakin titi ba ta wadatarwa, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, don akwai sauran magana tsakanina da su.

Ni 'yar ƙasar Keita ce, cikin jihar Tawa, ina karatun digiri na biyu a fannin labarin ƙasa nan Yamai. Kuɗin tafiyar miliyan ɗaya ne da jikka 350 na sefa, kwana goma, har da jirgi da masauki da abincin safe da na dare. Rabi wata ƙungiya mai tallafa wa ɗalibai mata ta biya. Sauran rabin kuwa sa guda ne da tumaki huɗu da Baba ya kai kasuwa, Kawu ya cika abin da ya rage. Kuma tafiyar ta faɗo a watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, kowa na jiran sabon amfani. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san da wane ma'auni nake auna su.

Baba bai amince ba sai da Kawu ya je biron kamfanin da ƙafarsa. Ina zaune ya tambayi manajan: “Alhaji, ɗiyar nan amana ce a hannuna. Ina za ta kwana, kuma wa ke tare da ita?” Manajan bai yi ƙosawa ba. Ya ɗauko hotunan masaukin, ya kira matar da za ta raka mu, ta zo ta gaida Kawu, ta ba shi lambar salularta. Mu 14 ne, mata biyar, kuma abin da suka faɗa a ranar haka muka tarar: mata a hawa guda, biyu-biyu a ɗaki, Madam a ɗakin da ke bakin matakala. Kowane dare sai ta aika wa iyaye saƙo a WhatsApp. Ta wannan fanni ban da abin cewa sai godiya.

Tikiti da takardun shiga ƙasa duk sun kammala da wuri, sun kuma matsa mana kan katin rigakafin shawara. Sun gargaɗe mu cewa Kenya ta hana leda tun 2017, har sai da na kwance kilishi da yajin da matar Kawu ta ƙulle mini na juye cikin roba. Amma ba wanda ya ce mana Yuli lokacin sanyi ne a can. Nairobi tana kan tudu, kusan mita 1,800 sama da teku. Mun bar Yamai muna gumi, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka da asuba haƙora na kaɗawa. Kuɗin da na ware na tsaraba, rigar sanyi ya fara ci. Ba su gaya mana cewa bakin soket ɗinsu mai ƙafa uku ba ne, ba irin namu ba, kuma sefa ba ta canzuwa a can. Waɗanda ba su riƙo yuro ko dala ba, kwana biyu suna rance. Layi uku a takardar shiri da sun raba mu da wannan duka.

Ranar farko ta karatu a Gigiri muka yi ta, harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda hukumar kula da muhalli ta duniya take da babban ofishinta tun bayan kafa ta a 1972. Tutoci a jere, ciyawa shar, dajin Karura a gefe, wanda Wangari Maathai, 'yar Kenya mai fafutukar kare muhalli, ta sha duka wajen kare shi. An zagaya da mu, an nuna mana zauren taro da kujerun ƙasashe. Na nemi wurin Nijar na tsaya a bayansa na ɗan lokaci. Bayan azahar wata malama da kamfanin ya ɗauko, wadda ta taɓa zama cikin tawagar wata ƙasar Afirka a tarukan yanayi, ta ɗauke mu cikin tarihin manyan tarukan yanayi na duniya, tun daga na Rio a 1992, ta bi ta na Kyoto a 1997, har na Paris a 2015. Ba ta ɓoye komai ba. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 don tunkarar sauyin yanayi, ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawan abin da aka ƙirga bashi ne da za a biya. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa sun nemi tiriliyan 1.3, aka tashi da biliyan 300 a shekara zuwa 2035. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Waɗannan alƙaluma na san su tun a aji. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake isa gare su, kuma wannan ne aka koya mana washegari.

Da a ce kwana guda kawai zan biya wa kuɗi, to wannan ranar ce. An haɗa mu da ɗaliban Kenya da Uganda da wasu 'yan Najeriya masu karatu a can, muka kai kusan mutum 40. Aka raba mu rukuni-rukuni kamar yadda ake yi a taron gaske: rukunin Afirka, rukunin ƙasashe mafiya talauci, wanda Nijar ke ciki, ƙananan tsibirai, Tarayyar Turai, Amurka, da masu arzikin man fetur. Aka ba kowa shafi biyu kan asusun asara da ɓarna, wato asusun taimaka wa ƙasashen da bala'in sauyin yanayi ya yi wa ɓarna, wanda aka amince da kafa shi a Sharm el-Sheikh a 2022, aka fara zuba masa alkawari a Dubai a 2023, kusan dala miliyan 700. Duk kalmar da ba a daidaita a kanta ba an saka ta cikin baka biyu, kuma doka ita ce ba ƙuri'a: ƙasa ɗaya ta ce a'a, magana ta tsaya.

Ƙuri'ar rabo ta jefa ni cikin rukunin masu arziki. Na je wurin malamar na ce, “Malama, a sauya mini. Ruwa ya ci gidan kawuna, ba zan iya zama ina hana kuɗin ba.” Ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, wanda bai taɓa zama a waccan kujera ba, ba zai san ta inda ake karya ta ba. Koma ki zauna.”

Na koma. A takardar sirri da aka ba rukuninmu an rubuta abu uku: kada mu yarda da kalmar diyya, kada mu yarda da adadi, kuma duk inda aka ce “dole ne” mu mayar da shi “ya kamata”. Tun ƙarfe tara na safe muke kan sakin layi guda har aka kira magariba. Wani ɗan Uganda da ke wakiltar tsibirai ya yi magana har muryarsa ta shaƙe. Ni kuma na ɗaga allon ƙasata na ce muna jin zafin abin da ya same su, muna tare da su, amma muna roƙon a ɗage wannan sakin layi zuwa zama na gaba don a ƙara nazari. Aka ɗage. Ban ɗaga murya ba, ban yi ƙarya ba, ban zagi kowa ba, amma magana ta mutu a hannuna. Jikina ya yi sanyi. Satumbar 2020 ce ta faɗo mini a rai, daren da kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, Kawu da iyalinsa suka kwashe makonni a ajin makaranta da tabarmi da tukwane biyu da suka tsira da su. Ashe haka ake yi. Wanda ke da kuɗi, jira ba ya cin masa komai. Wanda ruwa ya kai wa wuya shi ke gaggawa, kuma mai gaggawa shi ke fara sassautawa.

Da dare malamar ta ba mu labarin Paris, ranar 12 ga Disamba 2015. Ana dab da amincewa da yarjejeniyar, tawagar Amurka ta ga an rubuta “dole ne” a wani sakin layi na sashe na 4, wanda ya shafi rage hayaƙin ƙasashe masu arziki. Taro ya tsaya cik. Daga baya aka sanar cewa kuskuren bugu ne, aka mayar da ita “ya kamata”, sannan shugaban taron, Laurent Fabius, ya buga guduma. Na taɓa karanta wannan, amma sai a daren na gane nauyinsa, don da bakina na yi irinsa da rana. Kamfanin ya iya zaɓen malama, wannan ba zan tauye musu ba.

To amma ko a ranar, rabin 'yan Nijar ba su buɗe baki ba, kuma ba rashin abin faɗa ba ne. Takardar talla ta ce za a samu tafinta mai Faransanci duk tsawon tafiyar. Kwana biyu ya zo, ya ɓace, aka ce an samu saɓani kan kuɗinsa. Mu da aka koyar da Faransanci tun daga lakwal, aka bar mu cikin Ingilishi mai sauri. Allah ya haɗa mu da wani ɗalibi ɗan Sakkwato. Ya ji ni da ƙawata muna Hausa a layin shayi, ya juyo ya ce, “'Yan uwa, daga ina?” Tun daga nan ya dawo kusa da mu, yana juya mana magana da Hausa ƙasa-ƙasa, mu kuma mu juya wa 'yan uwanmu Zabarmawa da Faransanci. Kwana shida yana wannan aiki, ko sisi bai karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri. Amma aikin da muka biya kamfani ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mun kuma je cibiyar hasashen yanayi ta IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, a Ngong, bayan gari. A can aka yi mana bayanin farin da ya faɗa wa gabashin Afirka daga ƙarshen 2020, damina biyar a jere ba ruwan kirki. Kenya kaɗai ta rasa dabbobi sama da miliyan 2, a Somaliya kuma an ƙiyasta mutum 43,000 sun rasu a 2022, kusan rabinsu yara ƙanana. Masana sun hango abin, sun kuma faɗa. Kuɗin agaji ne bai motsa ba sai da hotunan gawarwakin shanu suka fara yawo. Wanda ya san 2005 da 2010 a Nijar ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wani ma'aikacin wurin da ya ji daga Yamai muke, ya ce ai takwararsu tana garinmu, cibiyar AGRHYMET. Gaskiya ya faɗa. Tana nan gefen jami'armu tun 1974, kullum ina wuce ƙofarta, ban taɓa shiga ba. Mako guda da dawowata na je.

Kwana biyu muka yi a karkara. A Kajiado, ƙasar Masai, wani dattijo makiyayi ya zaunar da mu a inuwar ƙaya, ya ce kafin fari shanunsa sun haura 60, ya fita da 11. Ya sayi ciyawa har kuɗi suka ƙare, ya kora su har gefen Nairobi neman kiwo, saniyar da ta faɗi sai a ɗaga ta da sanduna. Da an rufe mini ido, cewa zan yi wani Bafulatani ne ko Buzu daga Abalak ke magana. Ko yadda yake kiran shanun da suka mutu da sunansu ɗaya bayan ɗaya, iri ɗaya ne.

A Makueni kuwa wata ƙungiyar mata ta nuna mana madatsar yashi. Katanga ce ta siminti da duwatsu da ake ginawa a kan dutsen ƙasan korama, ta tare ta daga gaɓa zuwa gaɓa. In ruwa ya zo da ƙarfi, laka ta wuce ta sama, yashi mai nauyi ya kwanta a baya. Damina ɗaya zuwa uku sai yashin ya cika, ruwa kuma ya ɓuya a cikinsa, rana ba ta shanye shi, sauro ba ya ƙyanƙyasa a ciki. Na tsaya a kan busasshen yashi, wata tsohuwa ta durƙusa ta tona da ƙoƙo, ba ta kai tsawon hannu ba ruwa ya fara tsatsowa, garau, mai sanyi. Ta miƙo mini na wanke fuska. A ƙasan katangar akwai famfon hannu da lambun kabeji da tumatir. Matan ne suka ɗauko duwatsun da kansu, aka taimaka musu da siminti da magini.

Ina kallon hannun tsohuwar nan, Kakata nake gani. Bayan farin 1984, lokacin da aka fara aikin raya karkara na Keita da tallafin Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kaka na cikin matan da suka yi ta dakon duwatsu a ka, ana biyan su da cimaka. Su suka jera duwatsu a kan faƙo, suka haƙa ramukan dashe a jikin tuddai, suka tare koramu. Itatuwan da na yi wasa a inuwarsu ina yarinya, guminsu ne. Muna da tassa, muna da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa a gona don su riƙe ruwan sama. Manoman Maradi da Damagaram sun bar kututture ya tofo a gonakinsu har aka farfaɗo da fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, abin da masana na duniya ke zuwa gani. Na fara gaya wa matan haka ta bakin ɗan Sakkwato da wani ɗan Kenya, suka matso, ɗaya ta ce in zana mata rabin wata a ƙasa. Ina cikin zanawa jagoran kamfanin ya tafa hannu wai mota na jira.

Nan ne babban ƙorafina yake, ya fi na sanyi da na tafinta. An tsara tafiyar kamar mu baƙin fari ne da aka kawo mu ga yadda yake. Cikin kwana goma ba a ware ko awa guda da 'yan Nijar za su tsaya su faɗi abin da ƙasarsu ta sani ba. Alhali cikinmu akwai ɗan Diffa da ya girma tare da 'yan gudun hijirar tafkin Chadi, akwai 'yar Damagaram da ta ga tsohon masallacin Birni ya rushe a ambaliyar 2024, shekarar da ruwa ya kashe sama da mutum 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan guda, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na lura tsarin an ɗinka shi ne don ɗaliban da ba su taɓa ganin rijiya ta ƙafe ba, aka sa mana shi yadda yake, ba a rage ba, ba a ƙara ba.

Sai maganar Kakuma. A takardar talla, da manyan baƙaƙe, an rubuta ziyarar kwana ɗaya zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma, can arewa a ƙasar Turkana, wanda aka buɗe tun 1992. An karɓi jikka 150 daban a kan wannan. Sai a dare na shida aka ce mana ba za a je ba, izini bai fito ba. Da muka matsa da tambaya, ya bayyana cewa a makare kamfanin ya nema. A maimakonsa aka kawo wani ma'aikacin agaji ya yi mana magana a masauki, kuma maganarsa ta yi amfani. Shi ya fayyace mana cewa yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta san wanda fari ko ambaliya ta kora ba, sai wanda ya guje wa tsanantawa. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta ambaci waɗanda bala'i ya raba da gidajensu cikin ƙasarsu, kuma Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da ita dokar ƙasa, a 2018. Da ya faɗi haka sai 'yan Kenya suka juyo suna kallonmu. Daga baya na yi tunani, wataƙila rashin zuwan ya fi alheri, don ban ga abin da mutanen da aka rage wa rabon abinci za su ƙaru da shi ba in ɗalibai 14 sun zo kallon su na yini guda. Amma wannan hukunci nawa ne. Kamfani ya sayar da abin da bai riƙe a hannu ba.

Abinci ba laifi. Tuwon masararsu, ugali, ya fi namu tauri, ana ci da ganye, shayi kuma da madara kamar ba a saye. Naman masauki na halal ne, sun nuna mana shaida. Ranar Juma'a an kai maza babban masallacin tsakiyar gari, sauran ranaku kuwa jadawalin bai bar gurbin azahar da la'asar ba sai da muka yi magana, aka gyara.

Matar da ta biyo ni gidan Kawu, ga abin da na ce mata. In ɗiyarta tana son aikin tattaunawar yanayi ko aikin agaji da gaske, kuma akwai mai ɗauke mata rabin kuɗin, ta bar ta ta je. In sai an sayar da gona ko an ci bashi, kada a yi, ta fara da cibiyoyin da ke nan Yamai. In za a biya, a sa su rubuta sunan tafinta da kwanakinsa cikin takardar yarjejeniya, a ga izinin kowace ziyara da ido kafin a ba da kuɗinta, a kuma nemi a ware wa ɗalibanmu yini guda na gabatar da nasu. Yarinyar ta fara koyon Ingilishi tun yanzu, ta sayi rigar sanyi a kasuwar Katako, ta fi araha.

Cikin jikka 150 na Kakuma, sau uku ina zuwa bironsu kafin suka mayar mini da 60, suka ce sauran sai ƙarshen wata. Sittin ɗin na kai wa Kawu, ya ce in aika wa Baba a sayi tunkiya. Na aika, tare da hoton madatsar yashin, don akwai wata korama a gabas da garinmu da ke da dutse a ƙasanta, kuma ina so ya nuna wa maigari kafin in zo hutu.